Tiyon roba mai lanƙwasuwa a aikin pampo na cikin gida: sharuɗɗan da ke sa ya daɗe a kudancin Nijar

0. Gabatarwa

A biranen ƙasar Nijar, aikin kamfanin ruwa yana tsayawa ne a bakin kwantar (compteur). Haka abin yake a zamanin SNE da aka kafa a 1987, haka ya zauna bayan gyaran da ya haifar da SPEN da SEEN a 2000 da 2001, haka kuma yake tun da NDE ta karɓi rabon ruwa a 2024. Duk abin da ke bayan kwantar, daga bakin ƙofa har zuwa makewayi, na maigida ne. Shi ke sayen kaya, shi ke biyan mai aiki, shi ke biyan kuɗin ruwan da ya tsiyaye cikin ƙasa, shi ne kuma ke fasa bango in yoyo ya ɓuya a ciki.

A da, bututun ƙarfe mai rufin tutiya, wanda masu aikin pampo ke kira galva, shi ne ya cika gidajen ma'aikata a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa. Yau tiyon roba da ake sayarwa a naɗe ya shiga ko'ina, domin ya fi araha, ya fi sauƙin ɗauka, kuma ba ya tsatsa. Mai shago kan ce yana shekara 50. Maganar tana da tushe, amma tana da sharuɗɗa waɗanda ba a cika faɗa ba.

A cikin wannan ƴar takarda za mu nuna cewa lambobin da aka rubuta a jikin tiyo an lissafa su ne bisa yanayin da ba namu ba, watau ruwa mai sanyin digiri 20, a inuwa, da matsi wanda ba ya yankewa. Za mu duba abin da zafi, da rana, da ƙarancin matsi, da yankewar ruwa ke canzawa, daga nan mu fitar da ƙa'idojin aiki.

1. Kalma ɗaya, kaya iri-iri

Kalmar tiyo, wadda muka aro daga Faransanci (tuyau), tana rufe kaya dabam-dabam a bakin mai saye. Wajibi ne mu fara da rarrabe su, domin rabin asarar da ake yi daga wannan ruɗani take farawa.

1.1. Polietilen mai tauri (PEHD). Shi ne baƙin tiyo mai layi shuɗi. An gano polietilen a Ingila a 1933, sa'an nan binciken Karl Ziegler a Jamus a 1953 ya ba da irin mai ƙarfi. Na ruwan sanyi ne kawai, kuma wurinsa cikin ƙasa: daga kwantar zuwa gida, ko daga rijiyar burtsatse zuwa tanki.

1.2. Polietilen ɗaurarre (PER a Faransanci, PEX a wasu ƙasashe). Robar polietilen an gina ta ne da dogayen sarƙoƙi, kamar zaren da aka tara ba a saƙa ba. In zafi ya taɓa su, sai su zame wa juna, robar ta yi laushi. A shekarun 1960 Thomas Engel, wani Bajamushe, ya samo hanyar ɗaure sarƙoƙin da juna har su zama kamar saƙar taru. Shi ya sa wannan iri ke ɗaukar ruwan zafi. Galibi ja ne ko shuɗi, ana kuma zura shi cikin kube na roba mai zobe-zobe (gaine).

1.3. Mai hawa-hawa (multicouche). Roba a ciki, siririn alminiyam a tsakiya, roba a waje. In aka lanƙwasa shi yana zama yadda aka sa shi.

1.4. PPR, wanda ya fi zuwa kore. Ana sayar da shi sanda-sanda, ba ya lanƙwasuwa sosai, ana kuma haɗa shi da ƙarfen narkarwa mai zafin digiri 260. Mun ambace shi ne domin shi da PVC ke gogayya da masu lanƙwasuwa a kasuwa.

1.5. Waɗanda ba na ruwan sha ba ne: tiyon ban-ruwan lambu mai laushi, tiyon wayar kuran mai ruwan lemu, da baƙin tiyon da aka yi da tsohuwar roba da aka narke. Dukansu ana ganin su a gidaje suna ɗauke da ruwan da yara ke sha. Za mu koma kansu a sashe na 5.

2. Abin da lanƙwasuwa ke kawowa

Bututun galva yana zuwa ne sanda mai metir 6. Kowace kwana tana bukatar gwiwa, kowace gwiwa tana da bakuna biyu masu zare, kowane baki kuwa wurin yoyo ne na gobe. Tiyon da ke naɗe yana zuwa da tsawon metir 50 ko 100, yana kuma bin kwana da kansa. Ana iya jan sa daga kwantar har cikin gida ba tare da mahaɗi ko ɗaya a ƙarƙashin ƙasa ba.

Wannan ya fi muhimmanci a wurinmu fiye da a ƙasashen da aka ƙirƙiro kayan, sabili da dalilai biyu. Na farko, ginin ƙasa ba ya jure laima: ɗigon da zai ɓata fenti kawai a bangon siminti yana iya cin gindin bangon laka, ya kuma jawo gara. Na biyu shi ne yankewar ruwa. Damagaram, wadda ke zaune bisa dutse, ana kawo mata ruwa daga nesa, daga Gogo-Machaya da Arunguza da Ganaram, kuma mazaunanta sun san tashin dare domin tarbar pampo. Unguwannin gefen Yamai ma sun san haka da bazara. Lokacin da ruwa ya janye, bututu yana zama fanko, wani lokaci har yana tsotsa. Ramin da ke fitar da ruwa in akwai matsi, shi ne ke shigar da ruwan datti in babu. In bututun ya bi kusa da salga ko ramin ruwan wanka, to abin da ke cikin ƙasar wurin zai iso randa. Rage yawan mahaɗai a ƙarƙashin ƙasa, ke nan, rage ƙofofin cuta ne.

Bugu da ƙari, roba ba ta tsatsa, cikinta sumul ne, kuma tana ɗan buɗewa ta shanye bugun da ruwa ke yi in ya dawo da ƙarfi yana tura iska a gabansa.

3. Zafi da rana

3.1. Ma'anar lambar PN

A jikin tiyo na ƙwarai ana rubuta PN 10 ko PN 16. Lambar tana nufin matsin da tiyon zai ɗauka, da ma'aunin bar, tsawon shekara 50, in ruwan yana digiri 20. Bar ɗaya ya yi daidai da nauyin ruwa mai tsayin metir 10. Ƙa'idar duniya ta tiyon polietilen (ISO 4427), a bugunta na 2007, ta ba da lambobin ragi: a digiri 30 a ninka da 0,87, a digiri 40 a ninka da 0,74. Watau tiyon PN 10 ya koma na bar 7,4 a digiri 40, kuma ƙa'idar ba ta wuce digiri 40 ba. PVC ma haka yake: a digiri 45 ya koma 0,63 na ƙarfinsa.

To, a Yamai matsakaicin zafin shekara yana wajen digiri 30, kuma a watannin Afrilu da Mayu zafin rana yana haura 40 a inuwa. Ƙasa mai zurfin santimetir 50 ba ta jin bambancin dare da rana, amma tana riƙe da matsakaicin zafin wurin. Ke nan ko tiyon da aka binne da kyau, a digiri 30 yake aiki ko sama da haka, kuma 0,87 shi ne lissafinmu na kullum. Baƙin tiyon da aka shimfiɗa bisa rufin kwano kuwa, jikinsa yana iya wuce digiri 60 da azahar, inda ba wata lamba da aka rubuta da ta shafe shi.

Akwai kuma tsufan roba. Ana zuba wa ruwan birni kulor domin kashe ƙwayoyin cuta, wannan kuwa wajibi ne. Amma kulor yana cin sinadaran kariya da aka gauraya cikin robar, a hankali, daga ciki. Ƙa'idar da masana sinadarai ke aiki da ita ita ce, ƙarin digiri 10 kan ninka saurin irin wannan ci kusan sau biyu. Tarihi ya ba da darasi a nan. A Amurka an sa tiyon polibutilen a gidaje masu ɗimbin yawa daga 1978 zuwa 1995. Ruwa mai kulor ya lalata shi da mahaɗansa na roba, har shari'ar da aka yi ta ƙare a 1995 da diyyar kusan dalar Amurka miliyon 950. Irin da ake yi yau ya fi wancan kariya, amma hanyar lalacewar tana nan, zafi kuma yana gaggauta ta.

3.2. Hasken rana

Zafi dabam, haske dabam. A cikin hasken rana akwai wani sashe da ido ba ya gani (ultraviolet) wanda ke yanke sarƙoƙin roba. Baƙin PEHD yana jure shi domin an zuba masa garin baƙin karbon, mai kama da kunkunniya, kashi 2 zuwa 2,5 bisa ɗari. PER ja da shuɗi da PPR kore ba su da wannan kariya. Masu ƙera PER suna ƙayyade zamansa a rana da makonni ko ƴan watanni ƙalilan. Robar da rana ta ci tana dushewa, fatarta ta yi gari, ta riƙa tsagewa in an lanƙwasa. Abin lura a nan shi ne, lissafin yana farawa tun daga shago: naɗin da aka rataye a ƙofar kanti domin talla ya riga ya cinye wani kaso na rayuwarsa kafin a saye shi.

3.3. Miƙewa da tsukewa

Kowane metir na polietilen yana ƙaruwa da wajen milimetir 0,2 a kan kowane digiri, PPR 0,15, mai hawa-hawa 0,025, ƙarfe 0,012. Mu ɗauki tiyo mai metir 10 da bambancin digiri 30 tsakanin asuba da azahar. Ƙarfe zai ƙaru da ƙasa da milimetir 4, mai hawa-hawa da 7,5, polietilen kuwa da milimetir 60, watau santimetir 6. Wanda ya ja tiyo ya miƙe tsaf da tsakar rana, ya ɗaure bakunansa biyu, to da sanyin asubar hunturu tiyon zai tsuke ya ja mahaɗin. Haka zai riƙa yi kullum har mahaɗin ya saki. Shi ya sa ake kwantar da tiyo cikin rami yana ɗan karkacewa kamar tafiyar maciji, ake kuma rufe ramin da safe.

4. Ƙarancin matsi da faɗin ciki

Gidaje da yawa suna shan ruwa ne daga tankin da ke bisa rufi ko bisa ƙafafun ƙarfe. In gindin tankin yana metir 4 daga ƙasa, kan dush kuma yana metir 2, abin da ke tura ruwan metir 2 ne kacal, watau bar 0,2. Littattafan aikin pampo na Faransa sun ɗauka cewa akwai bar 3 a bakin gida, shi ya sa suke yarda da siraran tiyo.

Ruwa yana asarar ƙarfi ta gogar jikin tiyo, kuma asarar tana hauhawa da sauri in faɗin ciki ya ragu. Ga lissafin da muka yi domin misali: tiyo mai tsawon metir 15, ana son litir 6 a minti ɗaya. In faɗin ciki milimetir 20 ne, asarar ba ta kai santimetir 15 ba. In 16 ne, wajen santimetir 40. In 13 ne, wajen metir 1, rabin abin da ake da shi ke nan. In 10 ne, asarar ta kai metir 3,5, ta wuce abin da tankin ke bayarwa, ruwan kuwa zai riƙa zuwa kamar hawaye.

Matsalar ita ce, a kasuwa ana kiran tiyon roba da faɗinsa na waje. PER na 16 cikinsa 13 ne. Mai hawa-hawa na 16 cikinsa 12 ne. PPR na 20 mai kaurin PN 20 cikinsa 13,2 ne. Sa'an nan mahaɗan PER da na mai hawa-hawa suna shiga cikin tiyon ne, suna ƙara tsuke hanya. Wanda ya cire galva 15/21 ya sa roba ta 16 yana zaton ya musanya daidai da daidai, alhali ya rage. A gidan da ke dogara da tanki, shawararmu ita ce babban layi kada ya gaza 25, in da hali 32, rassa kuma 20.

5. Lafiyar ruwan da ke ciki

5.1. Fetur da gazuwal suna ratsa jikin polietilen ko babu rami. Wannan ba ya faruwa da ƙarfe. A garuruwan da ke kusa da iyaka, kamar Maraɗi, Birnin Ƙonni da Damagaram, inda ƴan ruwa-ruwa ke ajiye jarkokin mai a zaure, ko gidan da ke da janareto ko garejin babura, bai kamata tiyo ya bi ƙarƙashin wurin da mai ke zuba ba. Ruwan da ya ɗauki warin fetur ta wannan hanya ba ya gyaruwa da wanki, sai an sake tiyon da ƙasar da ke kewaye da shi.

5.2. Tiyon lambu mai laushi an yi shi da PVC da aka zuba wa sinadaran laushi, waɗanda ke fita cikin ruwan da ya kwana a ciki, musamman in ya yi zafi. Tiyon kuran ba a yi shi domin matsi ba. Na tsohuwar roba kuwa, ba mai iya faɗin abin da robar ta ɗauka a rayuwarta ta farko. Tiyon ruwan sha yana ɗauke da rubutu a kowane metir: sunan mai ƙerawa, irin roba (PE 80 ko PE 100), faɗi da kauri, PN, da lambar ƙa'ida. Na Faransa yana da shaidar ACS. Kauri ma ana iya auna shi: PE 100 mai PN 16 na 25 kaurinsa milimetir 2,3 ne, na 32 kuma 3.

5.3. Tiyon da haske ke ratsawa yana yin gansakuka a ciki. Ruwan ɗumi da ya daɗe a tsaye yana rasa kulor ɗinsa. Ƙwayar Legionella, wadda aka gano bayan annobar Filadelfiya ta 1976, tana yaɗuwa tsakanin digiri 25 da 45, kuma ana kamuwa da ita ta shaƙar feshin ruwa. Wannan tazara ita ce zafin ruwan sanyinmu. Sabili da haka a guji rassan da ba sa aiki, irin wanda ake bari domin ɗakin da za a gina baɗi. Metir 20 na tiyo mai cikin 16 yana riƙe da litir 4. Bayan tafiya ko hutu, a bar pampo ya zubar da fiye da haka kafin a sha ko a yi wanka.

5.4. Mahaɗan tagulla marasa asali suna iya ƙunsar dalma. Hukumar lafiya ta duniya ta ƙayyade dalma a mikrogram 10 cikin litir. Ruwan farko na safe ya fi dacewa da shara ko ban-ruwa fiye da kokon yara.

6. Mahaɗai da awo biyu

Shagunan kudancin Nijar suna samun kaya ta hanyoyi biyu: daga Kano ta Katsina da Daura, da kuma daga tashoshin teku na ƙasashen renon Faransa. Wani kaya da inci ake auna shi, wani da milimetir. Bututun rabin inci faɗinsa na waje milimetir 21,3 ne, ɗan'uwansa na awon metir 20 ne. Na inci uku bisa huɗu 26,7 ne, ɗan'uwansa 25. Bambancin bai kai milimetir 2 ba, ido ba ya kama shi, amma mahaɗi yana kama shi. Daga nan ne dabarar gasa bakin tiyo a wuta da ɗaure shi da tsohon tib ta samo asali. Mahaɗin da aka yi haka yana riƙewa ranar da aka biya mai aiki, ya saki bayan an shafe bango.

Dole mu ƙara da cewa gam ɗin PVC ba ya kama polietilen ko kaɗan. PEHD ana haɗa shi da mahaɗin matsewa mai zoben roba ko da narkarwa. PER da mai hawa-hawa ana haɗa su da zoben da ake matsewa da almakashi na musamman, ko da na murɗawa. Na murɗawa yana sassautawa da miƙewa da tsukewa, don haka wurinsa inda hannu ke kai wa.

7. Ƙa'idojin aiki

Daga abin da ya gabata muna fitar da waɗannan:

a) A tsakar gida, PEHD mai layi shuɗi, PN 16, a zurfin santimetir 50 zuwa 60, bisa shimfiɗar rairayi marar tsakuwa, nesa da salga da ma'ajiyar mai.

b) A cikin gida, a kafa mararrabar ruwa (nourrice) a wuri buɗaɗɗe, kowane pampo da layinsa da makullinsa. Kowane layi ya tafi cikin kube, ba mahaɗi cikin bango ko ƙarƙashin daɓe. In tiyo ya lalace sai a zare shi daga kuben a zura sabo.

c) Duk sashen da ke fili, kamar mai hawa zuwa tanki, a rufe shi, ko a yi shi da galva. Rufin yana kare shi daga rana da kuma haƙoran ɓera da gafiya.

d) Kada kwana ta yi tsanani. In PER ko mai hawa-hawa ne, a bar ta da faɗin da ya kai ninki takwas na faɗin tiyon in da hannu ake yi. Wurin da ya karye ya yi fari, a yanke shi.

e) A bakin tukunyar ruwan zafi a fara da ɗan guntun ƙarfe kafin roba. Roba ba ta ɗaukar kuran, sabili da haka gidan da a da ya ɗaura wayar ƙasa a bututun galva yana bukatar sandar ƙasa ta dabam.

f) A gwada kafin a rufe. Gwajin ƙa'ida shi ne a hura matsi ninki ɗaya da rabi na matsin aiki. In babu injin gwaji, a rufe dukan pampuna, a rubuta lambar kwantar da dare lokacin da akwai ruwa, a duba da safe.

g) A zana hanyar tiyo a takarda, ko a ɗauki hoto kafin shafe, a ajiye tare da takardun fili.

8. Kammalawa

Mun ga cewa tiyon roba mai lanƙwasuwa ya dace da biranenmu ta fuskar da ta fi muhimmanci, watau rage mahaɗai a ƙasar da ruwa ke yankewa da bangon da ba ya son laima. Mun ga kuma cewa alkawarin shekara 50 yana rataye ne da zafin ruwa, da inuwa, da asalin robar, da hannun mai haɗawa. Uku daga cikin waɗannan suna hannun maigida tun kafin ya biya kuɗi, na farkon kuwa ana rage shi da zurfin rami.

Akwai aiki biyu da wannan sashe zai iya ɗauka tare da ɗalibansa. Na farko, auna zafin ruwa a bakin pampo da cikin tanki, wata-wata, a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, domin a fitar da lambobin ragi da suka dace da kowane gari. Na biyu, tattara kalmomin da masu aikin pampo da masu shaguna ke amfani da su, a daidaita su cikin Hausa, yadda mai saye zai iya bambanta tiyon sha da na lambu da bakinsa, kafin ruwan ya kai ga randar iyalinsa.